Kundin aiki: neman galaksin farko-farko a hotunan James Webb

14 ga Yuli, 2022

Yau aka buɗe wa kowa bayanan James Webb na farko a MAST, rumbun da ake ajiye bayanan na'urorin hangen nesa na sama. Bayanan gwajin na'urar hangen nesa ta James Webb suna ciki, haka ma abin da aka riga aka ɗauka daga shirye-shiryen farko guda 13 waɗanda tun asali aka ce ba za a killace su ba ko na kwana ɗaya. Mu bayanan CEERS muke jira, shirin da Steven Finkelstein na Jami'ar Texas da ke Austin yake jagoranta. A ƙarshen Yuni kyamarar NIRCam ta ɗauki wurare 4 a filin sama da ake kira Extended Groth Strip, sauran 6 sai Disamba.

Ga manufar aikin, saboda wanda zai shigo mana daga baya. Muna so mu fitar da jerin galaksi, wato dandazon taurari, waɗanda haskensu ya taso tun sararin samaniya bai cika shekara miliyan 500 ba, jerin da za mu iya tsayawa a kansa, sannan mu nemi lokaci a NIRSpec, na'urar Webb da ke baje haske zango-zango ta fitar da abin da ake kira bakan haske, domin a tabbatar da su.

Dabarar tsohuwa ce. Haske yana miƙewa a hanya saboda sarari yana faɗaɗa, kuma da harafin z muke rubuta yawan miƙewar. Iskar haidirojin da ta cika sarari a wancan zamani tana shanye hasken da tsawon zangonsa ya gaza maikiron 0.1216 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A ninka wannan adadi da 1+z, sai a san inda hasken galaksin zai yanke a idonmu: in z ta kai 10, a maikiron 1.34, in ta kai 13, a 1.70. Saboda haka abin nema shi ne ɗigon da babu shi sam a filtar F115W, amma ya fito ɓaro-ɓaro a F200W da na gaba da ita (lambar filta tana nuna zangon da take bari ya wuce: F115W wajen maikiron 1.15, F200W wajen 2). Kyamarar Hubble ba ta wuce wajen maikiron 1.7, shi ya sa tun 2016 galaksin GN-z11 ke riƙe da kambun nisa a z kusan 11. NIRCam kuwa tana gani har maikiron 5.

21 ga Yuli

Hotunan sun fi yadda aka yi tsammani kyau, amma ɗanyensu da datti. Akwai ratsi-ratsi masu bin layi, daga lantarkin da ke karanta allunan ɗaukar haske. Akwai wani haske kamar hayaƙi da ke sulalowa ta gefe ya zauna a wasu allunan gajeren zango, ya fi tsanani a F150W da F200W. Sai kuma manyan tabo masu zagaye da ake wa laƙabi da dunƙulen ƙanƙara, inda wani ɓarɓashi mai ƙarfi daga sarari ya daki allo ya cika ɗigo masu yawa lokaci ɗaya. Manhajar hukuma ta gyaran hotunan tana cire tsakiyar tabon ta bar gefensa. Wannan gefen shi ne abin tsoro a wurinmu, domin yakan bar ɗigo a filta ɗaya tak, kuma ɗigon da ya fito a wata filta ya ɓace a wata shi ne ainihin abin da muke farauta. Ɗalibarmu ta ɗauki nauyin rubuta abin da zai riƙa gano su yana rufewa.

Wasu kam har sun fitar da sakamako. Ƙungiyoyi biyu, ta Rohan Naidu da ta Marco Castellano, sun ga galaksi biyu masu haske a bayanan shirin GLASS, kusa da gungun galaksi na Abell 2744. Ɗaya ana kiranta GLASS-z13. Ba ƙananan abubuwa ba ne da ake laluba da ƙyar, suna da haske sosai, kuma a ɗan fili kaɗan aka same su. Lissafin da aka yi kafin harba na'urar bai ce za a samu irinsu da wannan sauƙi ba.

27 ga Yuli

Kowace safiya sai an tashi da sabon adadi. Ƙungiyar CEERS ta fito da wadda ta sa wa suna Maisie a z wajen 14. Callum Donnan da abokan aikinsa na Edinburgh sun nuna CEERS-93316 a z da ta haura 16, kimanin shekara miliyan 240 ke nan bayan Babbar Fashewa, wato mafarin sararin samaniya. Ivo Labbé da nasa sun kawo jajayen galaksi waɗanda, in nauyin taurarinsu ya tabbata, sai an sake duba yadda ake zaton galaksi ke girma.

CEERS-93316 tana cikin jerinmu mu ma, kuma ba ƙarya, tsabtarta ta isa. Babu komai a F115W, babu a F150W, ɗan kaɗan a F200W, sai ta haska a F277W. A zaman yau an yi ta ja-in-ja kan ko mu ma mu yi maza mu saki takarda. Babban malaminmu ya bar kowa ya gama, sannan ya ce, "Yara, da wane ma'auni kuka auna hasken nan?" Amsar ita ce da wanda aka ƙiyasta a ƙasa tun na'urar ba ta tashi ba. Aka tsayar cewa za mu jira.

8 ga Agusta

A ƙarshen Yuli an saki sabon saitin awo na NIRCam, na farko da aka gina a kan abin da na'urar ta gani daga sama. Kyamarar ta fi yadda aka zata jin haske, musamman a dogon zango, don haka duk wanda ya yi amfani da tsohon saiti ya ba jajayen filtoci hasken da ya wuce nasu. Tun da launi shi ne duk hujjarmu, ɗan wannan bambanci yana motsa z, yana kuma motsa nauyin taurari fiye da haka. Mun sake gudanar da komai. Wasu ɗigo sun fice daga jerin, wasu sun sauko ƙasa.

Takardu biyu na makon nan sun cancanci kowa ya karanta. Jorge Zavala ya nuna cewa galaksi mai ƙura a z kusan 5 tana iya ɓacewa a filtocin gajeren zango kamar dai mai nisan gaske. Naidu kuma ya duba CEERS-93316 ya ce bayanan sun yarda da amsa biyu, ko z wajen 17 ko wajen 5, ya kuma lura cewa maƙwabtanta na kusa a z kusan 5 suke. Kama da wane ba ta wane. Daga yau kowane ɗigo a jerinmu zai zo da amsarsa ta biyu a rubuce a gefe, ko da manhajar da ke ƙiyasta mana z ta ce yiwuwarta kaɗan ce.

12 ga Satumba

Martha Boyer da ƙungiyarta sun auna taurarin gungun M92, wanda aka daɗe da sanin haskensa, suka tarar allunan NIRCam ba su yarda da juna ba. Bambancin ya kama daga kashi 1 har zuwa 23 cikin 100, gwargwadon allo da filta. Kyamarar alluna 10 gare ta, 8 na gajeren zango, 2 na dogo. Ma'ana galaksi biyu iri ɗaya sak za su iya ba da launi daban don kawai ɗaya ta faɗo a wannan allo, ɗayar a wancan. Mun ƙara shafi a jadawalinmu mai nuna allon da kowane ɗigo ya faɗa, a kowace filta.

Ba abin mamaki ba ne a sabuwar na'ura. Hubble ma an shekara da shekaru ana gyara saitinta. Abin da ya bambanta shi ne wannan karon masu rubuta takardu sun riga masu saiti gudu.

21 ga Satumba

NASA ta sanar jiya cewa tun 24 ga Agusta aka dakatar da ɗaya daga hanyoyi huɗu na aikin MIRI, wata daga cikin na'urorin Webb, ta bakan haske mai matsakaicin zurfi, saboda wani gargare da ke zaɓen zango ya fara cijewa. Bai shafe mu ba. Masu nazarin ƙurar da ke kewaye da jariran taurari ne abin ya tsaya wa.

10 ga Oktoba

Saiti na gaba ya fito a farkon watan nan, kuma shi ne ya daidaita alluna da juna. Mun sake gudanarwa daga tushe. Sabon zubin manhajar hukuma ya fara kula da dunƙulen ƙanƙara da kansa, amma za mu ci gaba da amfani da namu a kai, mu kwatanta.

A waje ma lambobi sun lafa. GLASS-z13 ta koma GLASS-z12. Maisie ta sauko wajen 12. CEERS-93316 tana nan a 16.4, ba ta gusa sosai ba, kuma a gaskiya ta fi kowace tsayuwa da ƙafarta a jerin namu. Mun raba jerin gida uku: waɗanda suka tsallake kowane saiti, waɗanda suka dogara da filta ɗaya, da waɗanda suka yi ƙanƙanta har suna kama da tauraro. Na ukun nan ana zargin wasunsu ƙananan taurari ne masu sanyi a cikin galaksinmu, domin launinsu yakan kwaikwayi na nesa.

16 ga Nuwamba

Jiya STScI, cibiyar da ke Baltimore mai tsara aikin Webb, ta buɗe neman lokacin amfani da na'urar na zagaye na 2. Ranar rufewa 27 ga Janairu, 2023. Kamar yadda aka saba, masu tantancewa ba za su san sunan mai nema ba, don haka a kiyaye rubuta "kamar yadda muka nuna a baya".

Akwai sabon sharaɗi. A ƙarshen Mayu wata ƙwayar tsakuwa ta daki ɓangaren C3, ɗaya daga ɓangarori 18 na babban madubin mai faɗin mita 6.5, ta bar lahani da ba ya gyaruwa duka, kodayake tasirinsa a hoto kaɗan ne. Daga wannan zagaye za a rage juya madubin ya fuskanci inda na'urar ta dosa a tafiyarta ta kewaya rana, domin tsakuwar da aka yi gaba da gaba da ita tana zuwa da ninkin gudu, ƙarfin dukanta kuma ninki huɗu. Tun da man da ke ciki zai iya kai ta shekara 20, dole a tattala madubin. A wurinmu abin da wannan ke nufi shi ne tagar lokaci ta ƙara tsukewa. Da ma na'urar ba ta duba ko'ina sai tsakanin digiri 85 da 135 daga rana, saboda laimar da ke kare ta.

MIRI ta dawo aiki gaba ɗaya a makon jiya.

Yanzu sai shirin NIRSpec, kuma nan ne wahalar take. A gabanta akwai ƙananan ƙyamare kusan 250,000, a gida huɗu, kowane gida 365 sau 171. Kowane ƙyaure faɗinsa 0.20 ne, tsawonsa 0.46 na sakan ɗin kusurwa (kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri). Ana buɗe wanda ya dace da galaksin da ake so, a rufe saura. A takarda abin da sauƙi. A aikace wasu ƙyamaren sun maƙale a rufe, wasu a buɗe, bakan hasken galaksi biyu da ke layi ɗaya yakan hau kan juna, kuma ɗigon yana iya faɗawa a kan sandar da ke tsakanin ƙyaure da ƙyaure. Ga shi ba za ka san ainihin kusurwar da na'urar za ta karkata ba sai an sa ka a jadawali. Galaksinmu a warwatse suke, tsarin ƙyamare ɗaya ba ya kama fiye da 'yan kaɗan daga cikin na gida na farko. Sauran ƙyamaren za mu cika su da galaksi na tsakiyar nisa, don kada lokacin ya tafi a banza.

10 ga Disamba

Gani ya kori ji. Jiya ƙungiyar JADES, wani shirin neman galaksi masu nisa da Webb, ta fitar da bakan haske na galaksi huɗu a filin GOODS ta Kudu: z 10.38, 11.58, 12.63 da 13.20. Ta ƙarshen tana nan ne kimanin shekara miliyan 325 bayan Babbar Fashewa. Sun yi amfani da firizim ɗin NIRSpec, wanda ke ɗaukar maikiron 0.6 zuwa 5.3 a tashi ɗaya, suka zuba wa wasu har awa 28.

Abu biyu muka ɗauka. Na farko, dabarar launi tana aiki, domin huɗun nan ta hoto aka fara zaɓo su. Na biyu bai yi mana daɗi ba: ba a ga layukan iska masu ƙarfi a cikinsu ba, wato hasken da iska ke fitarwa a wani zango takamaimai, yankewar hasken kawai aka gani. Mun gina ƙiyasin lokacinmu ne a kan za a ga layi. In yankewar za a dogara da ita, sai an ga hasken galaksin kansa an kuma auna ɓangarorin biyu na yankewar da kyau, wannan kuwa awanni ne masu yawa. An koma manhajar lissafin lokaci.

22 ga Disamba

Ashe tun 7 ga wata na'urar ke shiga yanayin kariya tana fita, saboda tangarɗar manhajar da ke riƙe da saitin fuskarta. Ta dawo cikakken aiki ranar 20. Ana ɗaukar kashi na biyu na CEERS a kwanakin nan, har da NIRSpec. Da ya sauka rumbu za mu bi shi da matakan da muka bi na Yuni, ba tare da canza ko ɗaya ba, mu ga ko yawan ɗigo a kowane fili ya yi daidai.

28 ga Janairu, 2023

An miƙa takarda jiya. Mun nemi firizim a kan gida na farko na jerin, wanda sababbin wurare 6 suka ƙara masa kauri. Hujjar da muka kafa ba ta karya tarihin nisa ba ce. Tambayarmu ita ce kashi nawa na irin waɗannan ɗigo ne na gaske, domin duk maganar da ake yi cewa galaksi masu haske sun yi yawa a farkon zamani a kan wannan kason ta rataya. Mun ware sakin layi guda a kan amsa ta biyu ta kowane ɗigo, da abin da za a koya in ita ce ta fito.

NIRISS, ita ma ɗaya daga na'urorin Webb, ta tsaya tun 15 ga wata bayan jinkirin sadarwa a cikinta, ana kan duba ta.

24 ga Fabrairu

NIRISS ta dawo a ƙarshen Janairu, an ɗora abin a kan ɓarɓashi mai ƙarfi daga sarari.

GN-z11 ta sha awo a hannun JADES: 10.60, ba 11.09 da aka samu da Hubble ba. Ita kam bakanta cike yake da layuka, har da na naitirojin mai ƙarfin da ba a saba gani ba, da layin haidirojin da aka zaci iskar wancan zamani za ta shanye. Takardar Labbé ta fito a mujallar Nature ranar 22 da galaksi 6, tsakanin z 7.4 da 9.1, nauyinsu ya ragu daga na watan Yuli. Jaridu sun ɗauka da cewa an rushe ilimin sararin samaniya. Ni ban ga haka ba tukuna. Dale Kocevski ya riga ya nuna cewa ɗaya daga jajayen ɗigon da ke babban jerin su Labbé a z 5.6 take, kuma akwai baƙin rami mai cin iska a tsakiyarta. In hasken daga wurin baƙin rami yake fitowa, lissafin nauyin taurari ya tashi daga aiki. Mun koma gida na uku na jerinmu da wannan ido, wataƙila ba duka ne taurari masu sanyi ba.

29 ga Maris

CEERS-93316 a z 4.9 take. Pablo Arrabal Haro ne ya jagoranci awon, da lokacin da daraktan cibiyar ke warewa don abin gaggawa, aka ɗauka a ƙarshen makon jiya, takarda ta fito cikin 'yan kwanaki. Shekarun sarari a lokacinta sun kai biliyan 1.2, ba miliyan 240 ba.

Ya kamata a zauna a kan yadda ta yi wannan shiga, domin ba ƙura kaɗai ba ce. A z 4.9 kowane zango ana ninka shi da 5.9. Layin oksijin na maikiron 0.5007 sai ya sauka a 2.95, cikin F277W. Layin haidirojin na 0.6563 ya sauka a wajen 3.88, kuma wannan wuri ne da filtoci uku suka haɗa baki: ƙarshen F356W, farkon F410M, farkon F444W. Layi ɗaya ya ƙara wa filta uku haske. Hasken galaksin kansa ja ne, mai rauni, ƙura ta danne shi a gajeren zango. Da aka haɗa, sai filtoci huɗu na dogon zango suka ba da haske mai kyau wanda ke raguwa a hankali, na gajere suka ba da duhu, yankewar ta bayyana a wajen maikiron 2.1. Yanzu a ninka 0.1216 da 17.4, a ga abin da zai fito: 2.12.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne F410M. An sa ta a shirin ne musamman don ta tona irin wannan, tun da matsakaiciyar filta ce, layi mai ƙarfi ya kamata ya sa ta bambanta da manyan da ke gefenta. Amma da layin ya faɗa inda dukansu ke gani, babu wadda ta tona wata. Tazarar z da hakan ke faruwa a cikinta siririya ce ƙwarai. Sai dai a filin nan akwai cincirindon galaksi a daidai z 4.9, abin da Naidu ya hango tun Agusta, don haka abin da ya kamata ya yi wuya ya zama mai yiwuwa.

A awon guda, Maisie ta tabbata a 11.4, shekara miliyan 390 bayan Babbar Fashewa, tare da wata a sama da 11. Galaksi masu haske na farkon zamani suna nan da yawansu. Waɗanda aka ce sun haura 15 ne ya kamata a riƙe da hannu biyu.

Mun ƙara gwaji: duk ɗigon da yankewarsa ta faɗa tsakanin F200W da F277W, a duba ko yana da maƙwabta a z kusan 5, a kuma gwada shi da samfurin galaksi mai ƙura da layuka masu ƙarfi fiye da waɗanda ke cikin samfuran da manhajar ta zo da su.

11 ga Mayu

Sakamakon zagaye na 2 ya fito jiya. Takardu kusan 1,600 aka miƙa, aka ɗauki 249. Tamu ba ta shiga ba. Masu tantancewa sun yarda da tambayar, sun ce awannin sun yi yawa a kan ɗigo kaɗan a kowane tsarin ƙyamare, suka ba da shawarar a fara tace jerin da ƙarin matsakaitan filtoci kafin a nemi bakan haske.

Za mu bi shawarar. Matsakaitan filtoci biyu ko uku tsakanin maikiron 1.8 da 3.4 za su raba layin oksijin da hasken da ke gefensa, kuma hoto yana ɗaukar duk filin a lokaci ɗaya, babu ruwansa da ƙyamare. Ɗalibarmu za ta lissafa waɗanne ne suka fi raba amsa ta farko da ta biyu a jerin namu, da awa nawa kowace ke bukata. Ni zan tattara duk ɗigon da wasu suka riga suka auna da NIRSpec a Disamba da Maris, in jera z ta hoto kusa da z ta bakan haske, a ga inda manhajarmu ke karkata. Daga Yuli kuma wa'adin wata 12 na killace bayanan zagaye na 1 zai fara cika, filaye masu zurfi za su riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, don haka sai an ƙara wurin ajiya a kwamfutar kafin ƙarshen Yuni. Ana sa ran rufe zagaye na 3 a watan Oktoba.